Tamfol ɗin Mutanen Janfalan

Ku da kuke zama a teburin mai shayi na bakin tashar Ikara kuna shafa waya, kullum sai ɗayanku ya miƙo mini hoton mota ya ce, "Baba Isuhu, ga kuɗinta nan a rubuce, to aikin me kuke yi da har ake ba ku la'ada?" Ba na jin haushi sosai. Wanda bai taɓa zama gaban mai sayar da mota da dukiyar wani a wuyansa ba, dole ya ɗauka cinikin mota karanta lamba ne kawai. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina raka mutanen Ikara da Makarfi da Kudan zuwa Kaduna da Kano sayen mota, sababbi da 'yan Kwatano. Su ne masu aljihu, ni ne bakinsu. Yanzu na daina. Tunda kun matsa, bari in gaya muku yadda ake yi da yadda aka yi na daina, in ya so ku ci gaba da dariyarku.

Motar farko da aka yi cinikinta a gabana ta wani mai gonar rake ce a Makarfi. Lokacin ina yaron Alhaji Mamman, tsohon direba wanda ido ya raba shi da sitiyari ya koma dillanci. Da safen ranar ya tuɓe rigarsa mai aiki ya saka wata koɗaɗɗiya, ya sa mai raken ya cire agogo ya jefa aljihu, sannan ya ja masa kunne cewa da zarar mun shiga, shi kurma ne kuma bebe. Muka isa gidan sayar da motocin a Kaduna, ga su nan a jere sababbi fil, kujeru cikin leda. Farar mota mai raken yake so, tun daga Zariya yake zancenta. Alhaji ya wuce farar ko kallonta bai yi ba, ya je ya tsaya a kan wata shuɗiya, ya buɗe nan ya rufe can, ya kusa awa guda. Sai da mai sayarwar ya gaji don kansa ya ce ai ga wata fara can, ita za a iya duba masa. Alhaji ya taya, aka ce albarka. Ya ƙara kaɗan, aka sake cewa albarka. Sai ya miƙe ya kaɗe riga ya ce mu tafi. Mai rake kamar ya yi kuka. Muna kaiwa bakin ƙofa, mai gadi ya fara ja mana ƙarfe, sai ga mai sayarwar a bayanmu da sauri yana kira. Aka sallama. Duk da haka Alhaji bai bari an miƙa kuɗi ba sai da aka cika tanki aka ɗora shimfiɗun ƙafa na roba.

Shekara bakwai na yi ina riƙe masa jaka kafin ya bar ni in buɗe baki a ciniki. Ba ya koyarwa da magana, sai dai ka yi kuskure ya kunyata ka a gaban mutane. Abin da na tsinta a wurinsa bai da yawa, amma a kansa na rayu. Mai kuɗi ba ya magana. Ba a barin kafin alƙalami, domin wanda ya ajiye wani abu daga kuɗinsa ya ɗaure ƙafarsa da kansa. Ba a sayen mota ba a tashi an nufi ƙofa ba, ko sau ɗaya ne. Sai kuma gyara, wadda ita ce ya fi tsanantawa a kai. Mutanenmu manoma ne, ko mudun gero suka saya sai an ɗora musu ɗan tsibi a sama kafin su yarda an yi ciniki. In ka kai mota ƙauye, kafin a tambayi nawa aka saya sai an tambayi me suka ƙara. In ka ce ba komai, to ko ka samo ragin duniya, a idonsu an cuce ka, kuma ba wanda zai sake aikenka.

Jakar da Alhaji Mamman ya bar mini tana nan a rataye a ɗakina. Ba wani abin kirki a ciki: tocila, ɗan maganaɗisu da ake bin jikin mota da shi don a gano inda masu fenti suka cike lotsawa da foti, farin ƙyalle na shafa bakin salansa da sandar duba mai, ma'aunin iskar taya, sai goro. Kuna cewa sabuwar mota ba ta buƙatar dubawa. Wani mai dafa mazarƙwaila daga Kudan na raka Kano, aka nuna mana mota tana ƙyalli, ledarta ko hujewa ba ta yi ba. Na kwanta a ƙasa da tocila na ga tsatsa ta fara cin ƙarafan ciki, na buɗe gaba na tarar da kashin ɓera a kan batir, na duba shekarar da aka buga a jikin tayoyi na ga ta yi damina biyu a tsaye a filin nan. Na tara waɗannan duka zan zube wa mai sayarwa, ragin ya riga ya zo hannu. Ina juyowa sai na ga mutumina ya shige ya zauna a kujerar direba yana shafa sitiyari yana murmushi, har yana tambaya ko rediyon na kama Kaduna. Mai sayarwar ya dube shi, ya dube ni, ya rufe littafinsa. Ko sisi bai rage ba. Ban yi wa mutumin nan magana ba har muka wuce Kwanar Dangora.

Ɗalibai manya na wani malami a Saulawa su ma sun taɓa haɗa kuɗi za su saya masa mota, saboda ƙafa ta fara gagararsa. Kafin mu tashi ya kira ni zaure ya ce ya ji labarin yadda nake ciniki, kuma bai yarda in kushe abin da babu aibi a cikinsa don a rage masa ba. Na ce to tashin da nake yi in nufi ƙofa fa? Ya ce in har zan tashi, in tabbata da gaske tafiyar zan iya yi. Na ce na ji. Ta farkon na riƙe, tun daga ranar ban sake ƙaga wa mota aibi ba. Ta biyun kuwa na ɗauke ta maganar malamai ce kawai, waɗanda ba su san kasuwa ba.

Akwai magana ɗaya da kowane mai sayar da mota yake yi, daga Kaduna har Kano, tsoho da yaro: ka biya yau, gobe kuɗin zai tashi. Na ji ta ya fi sau ɗari. Nakan tafi in dawo bayan sati biyu in tarar da motar a inda na bar ta, kuɗin yana nan, wani lokaci ma an sauko. Har ta kai in an faɗa mini ita nakan ji daɗi, don na san mai kaya ya fara gajiya ke nan. Ku riƙe wannan, don a nan na faɗi.

Malam Haladu na Janfalan ya same ni a gida shekarar da dala ta haukace. Manomin tumatir ne da barkono, mutum mai sanyin magana, kuma shi ne shugaban wata ƙungiya ta manoma talatin da ɗaya. Damuwarsu ɗaya ce. Duk rani sai sun ɗebe tumatir sun jera kwanduna a bakin hanya suna jiran motar haya, direba ya zo lokacin da ya ga dama ya yanka kuɗin da ya ga dama, in sun ƙi kayan su ruɓe. Sun taɓa sayen tsohuwar a-kori-kura, ta yi wata biyar ta kwanta. Sai Haladu ya bi su gida gida ya shawo kansu a kan a haɗa a sayi sabuwa dal. Ba kuɗi suke tarawa ba, don sun san kuɗi ba ya zama a hannun manomi. Masara suke zubawa, kowa da adadin buhunan da zai kawo duk kaka, a kulle a sito, in ta yi daraja a sayar a sake sayen sabuwa a ajiye. Shekara huɗu suna wannan. Wasu ba su yarda da abin ba tun farko, Haladu ne ya dafa ƙirji ya ce in an yi asara a kama shi.

Na yi zuwa uku Kaduna ni kaɗai kafin in taɓa masararsu. Gidan motocin da na zaɓa wata mace ce ke kula da sayarwa, Hajiya Rabi, mai kimanin shekara arba'in da biyar, ba ta da yawan dariya kuma ba ta da wulaƙanci. Motar fara ce, mai buɗaɗɗen baya, za ta ɗauki kwando sittin in an san lodi. Na duba ta ciki da waje ban samu abin faɗa ba. A zuwa na uku muka tsaya a kan kuɗin da na san masarar za ta kai, har da ɗan saura na lamba da takardu. Na dawo na ce wa Haladu su buɗe sito. Suka kai masarar kasuwar Makarfi cikin sati biyu, ba su bar buhu ko ɗaya ba. Da aka ga akwai ɗan giɓi, wani dattijo a cikinsu ya sayar da shanun huɗarsa biyu ya cike, a kan in mota ta fara aiki a mayar masa. Aka zuba kuɗin a banki.

Ranar Alhamis muka je biya, ni da Haladu. Na sa shi ya bar sabuwar hularsa a gida, na maimaita masa cewa bakinsa a rufe. Hajiya Rabi ta kawo takarda mai ɗauke da kuɗin da muka yi, ta ajiye a gabana. Da na sa hannu, da Haladu ya je banki, da an gama kafin la'asar. Sai na tura takardar gefe na ce saura gyara. Na ce motar tumatir ce, sai an ɗora mana tamfol babba da ƙarafan da ake kafa shi a baya. Duka abin bai wuce kuɗin buhu biyar na masara ba.

Ta ce wannan ba ya hannunta, sai maigidan wurin, kuma ya yi tafiya sai Litinin. Sannan ta cire tabarau ta dube ni.

"Baba, zan gaya maka gaskiya. Kuɗin da ke takardar nan na yau ne kawai, zuwa tashi daga aiki. An ce mana sabon lissafi na zuwa daga Legas. Ku biya yau. In ba za ku biya duka ba, ku ajiye ko kashi ɗaya cikin goma in riƙe muku ita."

Na yi murmushi. A raina na ce ga ta nan, maganar da na saba ji, har ma da neman kafin alƙalami. Na ce, "Hajiya, shekara talatin ana gaya mini gobe."

"Na sani," in ji ta. "Bana ba irin sauran shekarun ba ce."

Haladu ya taɓo gwiwata a ƙarƙashin tebur, ya matso da bakinsa kusa da kunnena. "Malam Isuhu, mu biya mana. Tamfol ai ma saya a kasuwa."

Na harare shi irin hararar da Alhaji Mamman yake yi mini. Ya sunkuyar da kai. Na miƙe na kaɗe riga na ce mun gode, muka fito. Ina tafiya a hankali ina sauraron takun takalmi a bayana. Muka wuce motocin, muka kai ƙofa, mai gadi ya buɗe, muka fita. Ba wanda ya kira. Na ce wa Haladu mu zauna a ƙarƙashin dalbejiyar da ke tsallaken titi, inda za ta iya hango mu ta gilashi. Muka zauna daga azahar har aka yi la'asar, na ci goro biyu. Sau biyu Haladu yana cewa banki fa za su rufe, ina cewa ya bar ni da aikina. Ƙarfe biyar muka ga ta fito ta shiga motarta, ta ɗaga mana hannu, ta wuce.

Ranar Juma'a Haladu ya zo gidana tun da hantsi ya ce ko mu koma. Na ce wanda ya koma da ƙafarsa ba a kira shi ba, ya zubar da cinikinsa, ya bari ita za ta nemo mu. Na faɗi haka da ƙarfin zuciya, amma wayata ba ta bar hannuna ba har aka sauko daga masallaci. Asabar da Lahadi ba sa buɗewa.

Litinin da misalin ƙarfe goma wayar ta yi ƙara, sunanta ne. Sai da na bari ta kusa katsewa kafin in ɗauka, don kada ta ga zumuɗina. Wannan abin har yau in na tuna shi kunya nake ji.

"Baba, maigida ya dawo. Ya amince da tamfol ɗin da ƙarafan."

Na ce madalla, ai na san za a yi haka.

"Amma sabon lissafin ya iso tun ranar Juma'a da yamma." Sai ta faɗi kuɗin.

Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Abin da aka ɗora a kai ya fi sulusin kuɗin motar. Na zauna a kan turmin da ke tsakar gida ban san na zauna ba. Na ce mata ai mun yi magana, an sallama. Ta ce sallamar baki ba ta shiga na'urarsu, abin da aka biya shi ne ciniki, kuma ta gaya mini. Gaskiyarta, ta gaya mini, da Hausa, a gaban shaida.

Wata biyu na yi ina bin motar nan. Na je Kano, na koma Kaduna, na shiga gidajen motoci da ban taɓa shiga ba, na bar koɗaɗɗiyar riga na saka mai kyau ko za a ji tausayina. Duk inda na je kuɗin ya riga ni yin gaba. In na samo wadda ta kusa, kafin in je Janfalan a yi shawara in dawo an sake ƙarawa. Ba mai cewa albarka, ba mai biyo ka ƙofa, sai dai a juyo maka da fuskar kwamfuta a ce ka gani da idonka. Kuɗin mutane yana kwance a banki yana narkewa. Abin da ya fi ciwo, masarar da suka sayar ita ma ta bi dala, kafin damina ta faɗi buhu ya ninka kuɗinsa. Da suna nan da masararsu a sito, da sun bi motar sun kamo ta. Ni na ce su buɗe sito.

A ƙarshe suka raba kuɗin. Wanda ya zuba buhu arba'in cikin shekara huɗu, abin da ya karɓa bai sayi ashirin ba. Dattijon nan bai iya mayar da shanunsa ba, da haya ya yi huɗa a shekarar, bara kuma ya ba da rabin gonar jingina. Ƙungiya ta watse. Ba ni suka kama ba, don ni ba ɗan garinsu ba ne, Haladu suka kama, shi da ya dafa ƙirji. An daina kiransa sasanta rigimar iyakar gona, wasu ko gaisuwarsa ba sa amsawa da kyau. Bai taɓa gaya musu cewa ya ce mu biya na hana ba. Ni na je na faɗa da bakina a ƙofar masallacinsu, suka saurare ni, wani ya ce to shi wa ya ce ya ɗauko ka.

Tun daga nan ba wanda ya sake aikena, kuma ko an aike ni ba zan je ba. Sana'ar ma ta mutu, ba ni kaɗai ba. Wa ke sayen sabuwar mota yanzu a Ikara? Abin da na ƙware a kai shi ne haƙuri, in jira mai kaya ya gaji, yanzu kuwa duk wanda ya jira shi ne ya yi asara. Don haka in kun ce aikin ba wuya, a yau kun fi ni gaskiya: ku duba waya, in kuna da kuɗin ku biya kafin ku gama shan shayin. Abin da na kwashe shekara talatin ina koyo bai da sauran amfani, kuma ba ni da wanda zan bar wa jakar.

Zuwana na ƙarshe gidan motocin nan, na tarar an sayar da farar, wani ɗan kwangila ya ɗauka. Zan fita Hajiya Rabi ta sa aka fito da tamfol ɗin daga sito, shuɗi, a naɗe, ko buɗe shi ba a yi ba. Ta ce an riga an fitar da shi da sunanmu tun ranar Litinin ɗin, ba ta da inda za ta mayar da shi, in tafi da shi. Na so in ƙi. Sai na ga ba nawa ba ne balle in ƙi. Na ɗora shi a motar haya, na sauka a Ikara, na ɗaure shi a bayan babur na kai Janfalan. Haladu ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya sa aka kawo mini ruwa.

Har yanzu duk rani kwandunan tumatir suna nan a jere a bakin hanyar Janfalan suna jiran motar haya. Watan jiya na bi ta wurin zan je gaisuwar rasuwa a Kurmin Kogi, na tarar da Haladu a ƙofar gida ya shimfiɗa tamfol ɗin yana shanya barkono a kai. Ya tashi ya tare ni, muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba. Muna tsaye sai wani baƙo mai sayen barkono ya durƙusa ya murza bakin tamfol ɗin da yatsa, ya ce kai, wannan mai kauri ne, ba irin na kasuwa ba, a ina aka samo shi?

Na kawar da kai. Haladu ya nuna ni, ba da gatse ba, ba da komai ba, yadda mutum zai faɗi abin da ya faru.

"Malam Isuhu ne ya yi mana cinikinsa," in ji shi.